Tuna Baya: Tesilimi Balogun, Tsawar da ta Taso daga Tsibirin Ikko

Ranar Litinin 13 ga Oktoban 2025 ina gida Danwarai, labari ya iso gidan kallon ƙwallo cewa Cape Verde ta doke Eswatini da ci 3-0, ta samu gurbin zuwa Gasar Cin Kofin Duniya karo na farko a tarihinta. Da yawa cikinmu sai da muka duba taswira a waya kafin mu gane inda ƙasar take. 'Yan tsibirai ne guda goma a tekun Atilantika, yamma da Senegal, mutanenta sun ɗan haura rabin miliyan. Jihar Kebbi kaɗai, ko a ƙidayar 2006, ta wuce mutum miliyan uku. Da wata ya zagayo Kwango ta fitar da Najeriya a bugun fenariti a birnin Rabat, sai musu ya ɗau zafi: yaya tsibiri zai tafi, mu mu zauna gida? Ana cikin wannan cacar baki ne wani tsohon malamin firamare, wanda ko kusa ba ya shiga musun Arsenal da Chelsea, ya tuna muna cewa ƙwallon Najeriya ma ai a tsibiri anka rene shi, tsibirin Ikko, ya kuma ambaci wanda ya ce shi ne gwarzon wancan zamani, Thunder Balogun.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, amma abin da muka sani game da shi duk tatsuniya ce. Tun muna yara ake ba mu labarin ɗan wasan da ya buga ƙwallo ta huda cikin gola ta fita ta baya, har gwamnati ta hana shi bugawa da ƙafar hagu. Wasu kuma su cusa shi cikin labarin nan na wasan Najeriya da Indiya da aka tashi 99-1, inda ƙwallo ke rikiɗa ta zama zaki. To, ba a taɓa yin wannan wasa ba, kuma babu golan da ƙwallo ta huda wa ciki. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da aka yi shekara sama da hamsin da binne shi a ƙasar Yarbawa, yaran ƙauyen Kebbi na ci gaba da ƙara wa labarinsa gishiri, lallai ya yi wani abu. Abin da ya yi na gaskiya, a ganina, ya fi tatsuniyar daɗin ji.

Sunansa Tesilimi Olawale Balogun, ana taƙaita shi Teslim. An haife shi a Legas, a 1927 kamar yadda akasarin marubutan Najeriya suka kawo. Ya yi karatu a Fatakwal, a makarantar Katolika ta St. Mary's, sannan ya dawo Legas. Sana'arsa ta hannu aikin ɗab'i ce, kuma ku riƙe wannan, don za mu dawo kanta. Laƙabin Thunder, wato tsawa, 'yan kallo ne suka manna masa saboda ƙarfin bugunsa.

Kafin a fahimci wanga mutum sai an fahimci filin da ya tarar. Wasan ƙwallo na farko da aka samu a rubuce a ƙasar nan an yi shi ne a Kalaba a watan Yunin 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, 'yan makaranta suka ci 3-2. Daga nan wasan ya bi makarantun mishan, barikin soja da tashoshin jiragen ruwa. Sai dai buga ƙwallo daban, tsara ƙwallo daban. Tsarin a Legas aka fara shi. A 1932 aka kafa ƙungiyar da ke kula da wasan 'yan dagaji a yankin Legas, mai jadawali da alƙalan wasa da littafin rajista. Hukumar ƙwallo ta ƙasa tana ɗauke da 1945 a tambarinta a matsayin shekarar kafuwa, duk da cewa akwai sanarwar taron kafa ta a jaridar Daily Times tun watan Agustan 1933. Duk wannan hidima a kan tsibirin take, wurin da mai ƙafa zai iya ratsa shi kafin la'asar. Filin da ake manyan wasanni yana unguwar Onikan, a bakin ruwa, a lokacin ana kiransa da sunan Sarkin Ingila Joji na Biyar. Yau sunansa Mobolaji Johnson Arena.

Su wane ne ke da kulob a wancan zamani? Ma'aikatu da kamfanoni. Reluwe na da nata, Ma'aikatar Jiragen Ruwa na da nata mai suna Marine, haka Ma'aikatar Ayyuka, 'yan sanda, da kamfanin UAC. Dalilin ba boyayye ba ne. Ba a biyan kowa kuɗi don ya buga ƙwallo, saboda haka kulob ɗin da zai iya ba yaro aikin yi, albashi duk wata, da izinin tashi da wuri ya je atisaye, shi ke kwashe gwanaye. Reluwe ta fi kowa wannan dama, ga fili, ga bita, ga kuma jirgi na kai 'yan wasanta duk inda dogo ya kai. Wanda ya fito da wata hanya daban shi ne Nnamdi Azikiwe, da ya kafa Zik's Athletic Club a 1938, kulob na 'yan ƙasa wanda ba ya ƙarƙashin Bature. A shekarun yaƙin duniya na biyu ya yi ta yawo da 'yan wasansa gari-gari, a buga ƙwallo da yamma, bayan an tashi ya yi wa taro jawabin siyasa, jaridarsa West African Pilot kuma ta buga labarin duka biyun.

A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da kofi, aka sa masa suna Kofin Gwamna. Shekarar ce kuma ma'aikata suka yi babban yajin aikin nan na sama da kwana arba'in wanda Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan reluwe, ya yi fice a cikinsa. Wato mutanen da suka tsayar da jirgi a tsakiyar shekara su ne ke cika Onikan ranar Asabar. Marine ce ta fara ɗaukar kofin bayan ta ci Corinthians 1-0. A farko na 'yan Legas ne kawai, daga baya aka buɗe wa sauran garuruwa. Shi ne kofin da ya koma Kofin Ƙalubale, kuma har yau ana buga shi da sunan Kofin Tarayya. Wannan kofi shi ya fito da Balogun, shi kuma Balogun ya jawo wa kofin 'yan kallo.

Ya fara da Apapa Bombers, ya buga wa Marine da UAC, sannan ya koma Railways, kulob ɗin reluwe, wanda ya ɗauki kofin a 1946, 1948 da 1949. A can ya shiga jerin 'yan gaba biyar da ake kira layin Urion, da sunan Baturen da ke shugabantar kulob ɗin: shi da Titus Okere, Peter Anieke, Sokari Dokubo da Friday Okoh. Dogo ne, ya haura ƙafa shida, ƙafafunsa sun ɗan lanƙwasa kamar baka. Yana yanka, yana da sauri, kuma yana buga ƙwallo da ƙafa biyu daga nesa. Ku tuna kuma irin ƙwallon da ake magana: fata ce mai kauri da igiyar ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar kabewa. Ita yake ɗirka da ƙafa tsirara. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ba takalmi a fako lokacin sanyin hunturu ya san abin da nike faɗi.

Sai shekarar 1949, wadda ita ce kan gaba a tarihinsa da na ƙwallon ƙasar nan baki ɗaya. Hukuma ta zaɓi 'yan wasa 18 don su je rangadi Ingila, karo na farko da aka haɗa tawaga da sunan Najeriya. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw na Marine, a raga akwai Sam Ibiam, a baya akwai Dan Anyiam. Akwai kuma ɗan Arewa, John Dankaro, mutumin Takum. Mafi yawansu ma'aikatan gwamnati ne da malaman makaranta. Sun shiga jirgin ruwa mai suna Apapa a tsakiyar watan Agusta, suka yi kusan mako biyu a teku, suna gudu a saman jirgi don kada jiki ya mutu, suka sauka a Liverpool. A can wani tsohon ɗan wasan Fulham, Jack Finch, ya karɓe su a matsayin koci.

Wasan farko da Marine Crosby ne, ranar 31 ga Agusta. Mutum kusan dubu shida suka zo, da yawansu don su ga abin mamaki, baƙaƙen fata masu ƙwallo ba takalmi, sai ɗaurin bandeji a idon sawu. Aka tashi 5-2, Najeriya ke da biyar. Jaridun Ingila suka yi ta buga hotunan ƙafafunsu, kai ka ce ba mutane ne a saman ƙafafun ba. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wasa tara suka buga, duk da ƙungiyoyin 'yan dagaji, ba manyan kulob ba. Sun ci biyu, sun yi kunnen doki biyu, an ci su biyar. In fili a bushe yake, ƙafa tsirara ta fi takalmi jin ƙwallo da saurin juyawa. Da zarar an yi ruwa ciyawa ta yi santsi, sai zamewa. Mafi munin kashi shi ne 8-0 a hannun zaɓaɓɓun gasar Athenian. Turawan mulki sun shirya tafiyar ne don su nuna irin tarbiyyar da suka yi wa talakawansu. Su kuwa mutanen gida da ke bin sakamako a jarida, wani abu daban suka gani: Bayarabe, Ibo, ɗan Kalaba da ɗan Takum cikin riga ɗaya, ana kiransu da suna ɗaya, shekara goma sha ɗaya kafin a sauke tutar Ingila. Cikin waɗanda 'yan jaridar Ingila suka fi yabawa har da dogon ɗan gaban nan, Balogun.

A hanyar dawowa jirgi ya tsaya a Freetown, suka kara da Saliyo ranar 8 ga Oktoban 1949, suka ci 2-0. Wannan shi ne wasan farko na Najeriya da wata ƙasa. Daga 1951 aka fara karawa duk shekara da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a kan Kofin Jalco. Najeriya ta ci na farko 5-0 a Legas, su kuma suka rama da 7-0 a Ankara a 1955. Gabar da ke tsakaninmu da Ghana a ƙwallo daga nan ta samo asali. A lokacin jar riga tawagar ke sawa, ana kiranta Red Devils. Sunan Green Eagles sai bayan samun 'yanci.

Abin da ya fi shafarmu mu 'yan Arewa shi ne abin da ya biyo baya. Balogun ya bar Legas ya hau jirgi zuwa Jos. Jos a lokacin garin haƙar kuza ne, ya tara ma'aikata daga ko'ina, ga Turawa, ga albashi, ga sanyi mai daɗin gudu. A 1951 zaɓaɓɓun Jos suka kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna, suka haɗu da tsohon kulob ɗinsa Railways, aka ci su 3-2 da ƙyar. Ba su ɗauki kofi ba, amma an gane cewa tawaga daga Arewa na iya zuwa Onikan ta girgiza masu gida. Shekara ta gaba ya koma Legas ya shiga Pan Bank, suka lallasa Warri a wasan ƙarshe na 1952, shi kaɗai ya zura uku, kuma shi ne na farko da ya yi haka a wasan ƙarshe na kofin.

A 1953 abin da Jos ta fara Kano ta ƙarasa. Zaɓaɓɓun Kano suka doke Lagos Dynamos, ɗaya daga cikin kulob ɗin da Balogun ya buga wa a waɗannan shekaru, da ci 2-1. Karon farko ke nan da kofin ya bar Legas, kuma Arewa ya nufa. Wasu jadawalai na intanet suna rubuta Kano Pillars a gaban wannan shekara, alhali Pillars sai 1990 aka kafa ta. Tawagar gari ce, ta ma'aikatan reluwe da kamfanoni da mazauna Sabon Gari da sauran unguwanni. Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Kalaba da Fatakwal suka doke ta. Zariya ma ta kai a 1957, Railways ta ci ta. Kano ba ta sake ɗaga wannan kofi ba sai 2019, da Pillars ta ci Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna. Shekara 66 ke nan, jama'a.

Yanzu ku jera garuruwan: Legas, Fatakwal, Jos, Kano, Zariya, duk a kan dogo suke. Warri da Kalaba kuma tashoshin jirgin ruwa ne. Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya nufo wajenmu ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929. Bai ƙaraso Sakkwato ba, balle Birnin Kebbi ko Jega. Ba wai kakanninmu ba su san wasa ba. Ƙasar kokawa ce da dambe, ga Argungu da bikin kamun kifinta tun 1934. 'Yan boko na farko kuma sun koyi wasannin Turawa a makarantun midil da Kwalejin Katsina, inda Sardauna ya ƙware a wasan fayis. Abin da ba mu samu ba shi ne ma'aikatar da za ta ɗauki matasa goma sha ɗaya aiki, ta ba su fili, ta biya musu kuɗin tafiya Legas. Manomin albasa a Aliero ko ɗan kasuwar Jega, komai gwanintarsa, wa zai ba shi hutun mako biyu da tikiti?

Ni a nawa ganin har yau ba mu fita daga wannan rami ba. Yaran da ke buga ƙwallo a filin firamare bayan la'asar daga Danwarai zuwa Maiyama ba su rasa ƙafa ba. Na ga wanda in ya buga ƙwallo sai gola ya kauce, ba don tsoron tatsuniya ba. Abin da ke akwai shi ne kofin ɗan siyasa: ana gab da zaɓe a raba riguna masu hoto, a yi mako uku ana gasa, a ɗauki hoto da kofi, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Babu rajista, babu jadawalin da ke dawowa kowace shekara, babu wanda ya rubuta wa ya ci ƙwallo nawa. In yaro ya karye a fili, Allah ya sa masu ɗorin Aliero na kusa, amma daga nan labarinsa ya ƙare. Kofin Gwamna kuwa duk shekara sai an buga shi, a wuri ɗaya, an kuma rubuta sakamako, shi ya sa yau ni ɗalibi nike iya kawo muku cin da aka yi a 1951.

Mu koma ga mai labari. A watan Agustan 1955 Balogun ya sake komawa Ingila, wannan karo shi kaɗai. Abokinsa Titus Okere ya riga shi, ya je Swindon Town a 1953, amma bai samu shiga babbar tawaga ba. Balogun ya tafi ne da niyya biyu, ya ƙaro ilmin ɗab'i, ya kuma gwada ƙwallon kuɗi. Ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga manyan rukunonin gasar Ingila ba. A nan abin bai yi masa daɗi ba. Mutumin da Onikan ke tashi tsaye in ya taɓa ƙwallo, sai ga shi a tawaga ta biyu, cikin taɓo da sanyi, da takalmi mai nauyi. Ya wuce Skegness Town, ƙaramin kulob a bakin teku. Sai a kakar 1956 zuwa 1957 ya samu shiga Queens Park Rangers ta Landan, a rukuni na uku, ya buga wasan lig 13 ya ci ƙwallo 3. Daga nan ya koma wani ƙaramin kulob, Holbeach United.

In da alƙaluma kaɗai za a duba, sai a ce tafiyar ba ta yi riba ba, kuma ba zan ce ya girgiza Ingila ba don bai girgiza ta ba. Ya je a makare, shekaru sun fara ja, a zamanin da baƙar fata a filin Ingila abin nuni ne da yatsa. Amma bai dawo hannu rabbana ba. Ya zauna ya yi kwas ɗin horar da 'yan wasa ya samu takardar shaida, har ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya zama ƙwararren koci mai takarda. Wannan ne wurin da ya kamata ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ya tsaya ya duba. Mutanen wancan zamani da sana'a a hannu suke ƙwallo. Elkanah Onyeali, wanda ya bi bayansa ya buga wa Tranmere Rovers a 1960, shi ma karatu ne ya kai shi wata kwalejin fasaha a Birkenhead, ƙwallo ta biyo baya. Mu yanzu yaro na cin ƙwallo biyu a wasan sashe da sashe sai ya fara ganin lacca ɓata lokaci ce.

Da ya dawo gida sai ya zauna a Ibadan, ya zama kocin Jihar Yamma. Lokacin ya dace, don gwamnatin Awolowo ta gina filin wasa na Liberty wanda aka buɗe a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci ta kuma zama cikakkiyar mamba a FIFA. Ibadan ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1959 da 1961. Shi kansa Balogun an ƙidaya masa lashe kofin sau biyar cikin wasannin ƙarshe bakwai da ya buga, kuma ya yi wa tawagar ƙasa wasa har zuwa wajen 1960. Aikin koci a wancan lokaci ba zama a benci da kwat ba ne. Yawo ne makaranta-makaranta da gari-gari, ana duba yara, ana koya wa malaman wasanni yadda ake shirya atisaye da gasa. Aiki ne marar tafi, babu mai ƙirƙira masa tatsuniya, amma shi ke sa a samu wanda zai gaji mai ritaya.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Najeriya ta je gasar ƙwallo ta Olamfik karo na farko, a Meziko, Balogun na cikin masu horar da tawagar. Japan ta ci mu 3-1, Kunishige Kamamoto ya zura duka ukun, tamu ɗaya kuma Sam Garba Okoye ne ya ci, yaron Jos. Sifaniya ta ci mu 3-0. Sai wasa na uku da Birazil: kafin a tafi hutun rabin lokaci Najeriya na gaba da ci 3-0. Birazil ta farke duka bayan an dawo, aka tashi 3-3. Ku auna tazarar. Shekara 19 kafin nan, wannan mutum yana zamewa ba takalmi a gaban 'yan dagajin Ingila. Yanzu ga shi a bakin fili, yaran da aka rena a gasannin gida suna gaba da Birazil da ƙwallo uku.

Ya rasu ranar 30 ga Yulin 1972, cikin barci, yana da shekara 45 bisa lissafin haihuwar 1927, ya bar 'ya'ya takwas. A shekarar ce aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta raba ƙwallon Najeriya da dogaro da kofi ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale, kuma kulob ɗin da ya fara lashe ta shi ne Mighty Jets na Jos, garin da ya kai wasan ƙarshe shekara 21 da suka wuce. Wata shida bayan rasuwarsa, a Janairun 1973, Green Eagles ta ci Gini 2-0 ta ɗauki zinare a Wasannin Afirka a sabon filin wasa na ƙasa da ke Surulere. Kofin Afirka ya zo a 1980, an ci Aljeriya 3-0 a wannan fili. Bai ga ko ɗaya ba.

Gwamnatin jihar Legas ta fara gina filin wasa da sunansa a 1984. Ginin ya yi ta tsayawa yana tashi, har ciyawa da 'yan zaman banza suka mamaye shi, ba a buɗe shi ba sai 2007, shekara 23 bayan aza harsashi. Yana ɗaukar mutum kimanin dubu 24, kuma an buga wasannin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a cikinsa a 2009. Duk wanda aikin koyon sana'a ko hidimar ƙasa ta kai shi Legas, in ya sauka a Surulere zai gan shi, yana kallon babban filin wasa na ƙasa, titi ne kawai ya raba su. Shi kuwa tsohon filin Onikan, inda Kano ta ɗaga kofi a 1953, sai an haye gada an shiga tsibirin.